Ƙarfen da Aka Liƙe da Magariba

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Mai Jif ya sauke motarsa daga kan jak, ya ja da baya yana kallonta a tsakar gida. Gabanta ya ɗagu da kusan taƙi guda. Ya goge hannu da tsumma, ransa fes.

Aikinsa kai ma'aikatan asibiti ƙauyukan bayan duwatsu, inda hanyar ma sai dai a kira ta hanya don kara. Tun shigowar damina ƙasan motar ke gugar dutse, har ranar da kwanon baƙin mai ya fashe suka yini a daji da mai naƙuda a baya. Shi ya sa ya ƙudurta ɗaga gaban. Ya kwance sifirin da shokzoba, ƙarafan da ke tare wa mota girgiza, ya yanke tsofaffin mazaunansu. Ya ɗauko wani bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ya tsinto a gindin wata matacciyar rijiyar burtsatse a can dajin, ya yanko guntu biyu, ya toshe bakunansu, ya bi da walda ya liƙe ruf don kada laka ta shiga. A kansu ya ɗora sababbin mazaunan. Na hagun jiya ya ƙarasa shi, ana kiran sallar magariba, matarsa na leƙowa tana cewa ya bari sai da safe.

Auta, 'yarsa budurwa, ta kawo masa ruwa. Ta dubi motar ta yi dariya.

"Baba, wannan ai ta zama raƙumi. Mama sai da tsani."

Bai gama kai kofin baki ba suka ji ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin motar, a hankali, irin ta yaro mai jin kunyar shiga ɗakin manya.

"Ƙarfe ne ke hucewa," in ji shi.

Auta ta dubi tayar hagu. Shi ma ya sani ƙarfen tun jiya ya huce.

Da rana motar lafiya lau take, tana haye duwatsu ba ta taɓa ko ɗaya. Amma da zarar inuwar katanga ta cinye tsakar gida, sai ƙwanƙwasar ta dawo, kullum daga wajen tayar hagu. Ya shiga ƙarƙashi da sifana ya ɗaure kowane noti, ya girgiza kowane ƙarfe. Babu abin da ke motsi. Ya ɗora tafin hannu a kan guntun da ya liƙe, sai ya ji ana bugawa daga ciki, daidai tsakiyar tafinsa. Ya fito bai gaya wa kowa ba.

Daga nan jifa ya soma. Ƙananan duwatsu jajaye, irin na hanyar dajin, suna faɗowa kan rufin kwano ɗaya bayan ɗaya, in ka ɗauka ka ji su da ɗumi. Sai kuma muryar mace a bayan katanga, tana jan wani suna da harshe ba ya iya maimaitawa, yadda uwa ke kiran ɗanta ya shigo gida duhu ya yi. Matarsa ta tambayi maƙwabta, suka ce ba su ji komai ba. Gidan ya koma shiru. Ana cin abinci ba a kallon juna.

Wani yammaci ya dawo daga masallaci ya tarar da matarsa a ƙofar kicin ta toshe baki da mayafi. Auta na durƙushe gindin tayar hagu, ta zura hannu ƙarƙashi tana ƙarzar waldar da farata, jini na bin yatsunta. Ya kira ta. Ta juyo a hankali, idanunta a kansa amma ba shi take gani ba. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dushe.

"Buɗe."

Washegari ya je ya ɗauko Malam, wani dattijo da ke karantar da manya a masallacin unguwa, aminin mahaifinsa. Malam ya zo bayan la'asar, ya saurari komai, ya zagaya motar sau ɗaya, ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da ita. Aka zaunar da Auta, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Ya jira har hasken ya fara dishewa, sannan ya soma karatu, ba da ƙarfi ba.

Can jikin Auta ya ƙage. Bayanta ya ranƙwafa kamar na mai shekara tamanin.

"Ya isa, mai karatu. Ba faɗa ya kawo ni ba."

"To me ya kawo ki gidan mutane, baiwar Allah?"

"Ɗana. Cikin bututun nan yake kwana tun yana jinjiri. Wannan ya ɗauko shi yana barci, ya rufe shi da wuta ta gaba da ta baya. Na bi sawun taya har nan. Na yi kira, na yi jifa, babu wanda ya kula. Ƙarfen da aka liƙe da wuta ba ma iya buɗe shi."

Mai Jif ya zauna a ƙasa.

"Wallahi ban sani ba."

"Rashin saninka bai rage masa zafi ba. Kullum kana hawa duwatsu da shi, nauyin motarka a kansa." Kan Auta ya juya wajen Malam. "Zan riƙe yarinyar nan adadin kwanakin da nawa ya yi. Sannan a ƙone motar."

"Shi da kuskure ya yi, ke kuma da gangan za ki yi," in ji Malam. "Yarinyar me ta yi miki? Motar kuwa marasa lafiya take ɗauka, da mata masu haihuwa. Ke uwa ce. Ɗanki kike so, ko ramuwa?"

Sai aka ji ƙwanƙwasar, yau a raunane, da tazara tsakani.

"Ya gaji," in ji muryar, ta karye. "To ya buɗe da hannunsa. Ban da wuta, ban da inji. Ya mayar da ƙarfen inda ya ɗauko."

"Ke kuma ki rantse za ki fita, ba ke ba gidan nan."

Ta rantse.

Mai Jif ya ɗauko zarton ƙarfe ya kwanta ƙarƙashin motar. Wurin a matse yake, hannu ba ya miƙewa. Ya yi ta goga har tafinsa ya kumbura ya fashe, ƙwayar zarton ta karye ya sa wata, Malam na karatu a kansa, duhu na sauka. Waldarsa ce, ya yi ta da kyau, bai taɓa tsanar kyan aikinsa ba sai ran nan.

Da zarton ya ɓula, iska mai sanyi ta huro masa a fuska, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani siririn kuka ya wuce ta gefen kunnensa. Ya leƙo. Auta ta buɗe hannuwa ta rungume abin da ba a gani, tana jijjigawa, tana shafa iska daidai inda kan yaro zai kasance. Ta daɗe a haka. Sannan babban yatsan ƙafarta ya yi rawa, ta sulale jikin uwarta.

Da safe ya cire guntayen biyu ya mayar gindin rijiyar. Ya sake aikin da dunƙulallen ƙarfe marar rami. Jifa ya tsaya, kiran ma haka.

Auta ta warke, yatsunta suka yi sababbin farata. Sai dai ba ta yarda a rufe mata ƙofa, ko da rana. Wata ran ya same ta zaune a dokin ƙofa, ya zauna kusa da ita ya tambaye ta dalili.

"Kafin ta fita ta sa ni a cikin bututun, Baba, don in ji." Ta dubi hannuwanta. "Babu wurin juyawa. Kuma ana jin ka. Kana tuƙi kana 'yar waƙarka, shi yana ta buga maka."

Mai Jif ya tashi ya ɗauko sukundireba, ya kwance ƙyauren ɗakinta, ya jingine shi a bayan gida.