Kudu da Arewa na Bishiya Ne

Tun kafin ladan ya buɗe baki na rataya bindigata adaka, na soke barandami a ƙugu, na kira karena Ƙyale-su. Ba nama ne ya fitar da ni ba ranar. Matata Tasalla ta shekara biyu tana fama da gudawa mai jini da majina, ta rame har awarwaronta yana zamewa ya faɗi. Likitar da ke dubanta a birni ta ce ba tsutsa ba ce, ba kuma sammu ba, garkuwar jikinta ce ta rikice take yaƙar hanjinta, kamar kare ya juyo yana cizon ubangidansa. Maganin asibiti yakan kwantar da ciwon, amma sai ya sake tashi. Da na ambaci sassaƙen itacen hano, wanda marigayi mahaifina yake ba masu atuni, ba ta yi mini dariya ba. Ta ce in kawo ta kai a gwada, amma kada in kuskura in bar Tasalla ta daina shan ƙwayoyinta.

To, duk hanon da ke kusa da gari ya bushe a tsaye, masu tallar magani sun kwashe ɓawonsa kaf, Allah ya shirye su. Sai can kan duwatsun Kurmin Ɓauna, tafiyar rabin yini.

Da hantsi na ci karo da sawun gwanki, sabo fil, kashinsa ma da ɗumi. Ƙyale-su ya dube ni yana kaɗa wutsiya. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, ba zan ɓoye ba, amma taura biyu ba ta taunuwa, na ja shi muka wuce.

Rana ta take tsaka na samu hano guda ɗaya tal tsakanin duwatsu, ɓawonsa yana saɓulewa kamar takarda, ƙaronsa na ƙamshi, busasshen ganye jibge a gindinsa. Dokar mahaifina a wajen sassaƙe ɗaya ce: a sari gabas, a sari yamma, a shafa wa raunin laka. Na yi bismilla na sari gabas, na zagaya ta kudu na sari yamma. Na duba jaka, ko rabi ba ta yi ba. Na tuna nisan hanya, na tuna fuskar Tasalla, haɗama ta kama ni. Har na ɗaga ƙafa zan taka wajen arewa, sai maganar tsohon ta faɗo mini kamar yana tsaye a bayana.

"Barau, kudu da arewa na bishiya ne. Wanda ya ba ka riga, ba ka tuɓe masa wando."

Na mayar da ƙafata ina jin haushi, na gangara rafi na ɗebo laka. Sai da na tsuguna zan shafa na gan ta. Macijiya ce, kasa, kaurinta ya kai taɓarya, ta naɗe cikin ganyen nan na arewa, daidai inda zan ajiye ƙafa, harshenta kawai ke motsi. Ƙyale-su, gwanin hanci, yana can yana korar ƙadangare. Na ɗora yatsa a kunamar bindiga, sai na ga in na harba, gindin hanon zan farfasa. Na miƙa hannu a hankali na shafa lakar, na ja da baya ina salati.

Bayan makonni likita ta ce sun sami abin da ke rage kumburi a cikin sassaƙen da na kai mata, ta ƙayyade abin da za a riƙa sha tare da maganin asibiti. Ban ce Tasalla ta warke ba, kuma ban san wanne ya fi aiki ba. Na dai san jinin ya tsaya, awarwaro ya zauna a hannunta, har ta koma yi mini faɗa a kan ƙurar takalmina. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba, na gode wa Allah, na yi wa tsohona addu'a.

Ranar da na ba ta labarin kasar, sai ta tambaye ni ko na kashe ta. Na ce a'a.

"Ka kyauta, maigida," in ji ta. "Bar ta ta ci gaba da yi mini gadin bishiyata."