Kwat a Bayan Labule

Ranar Alhamis da safe Tamsin Rooke ta buɗe ɗakin gwajinsu a Bristol, ta tarar kwamfutarta ta yi ƙafa. A cikinta mawaƙan Tinjaw suke, domin su ba mutane ba ne, zane ne: dila mai waƙa da ɓera mai ganga. Shekara biyu tana zana su. Waƙoƙinsu uku sun zaga gari, jibi Asabar kuma wasansu na farko. Za a haska zanen a jikin farin labule, makaɗan gaske su yi aikinsu a baya, ba mai ganinsu. In babu zane babu wasa, wahalar Tamsin ta bi ruwa.

'Yar sanda, Saja Denise Ackroyd, ta duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ga jita masu tsada a jingine, amma an ɗauke har ɗan faifan ajiye kwafin zanen da Tamsin ke ɓoyewa a gwangwanin shayi. Ɓarawon da ya san gwangwanin shayi ɗan gida ne. Makullin ɗakin kuwa uku ne, kowane ɗan ƙungiyar da nasa.

Tamsin ta fita daga zargi, ba mai cinna wa gonarsa wuta ana gobe girbi. Errol Baptiste, mai ganga, ya kwana biyu a Cardiff wajen bikin ƙanwarsa, ga hotuna. Saja ta tambaye shi yadda suke yi a bayan labule lokacin gwaji.

"Kamar tanda, Saja. Da singileti da silifas muke kiɗa. Wa zai gan mu? Ɓera zai sha tafi, ni in sha gumi."

Saura Callum Dyer, muryar dila. Shi kaɗai hankalinsa ke kwance. Ya ce ai ba sai an fasa ba, a cire labule kawai su yi wasan a fili. Saja ta dubi sabon askinsa, ta ce ya raka ta wajen motarsa. A kujerar baya ga baƙar kwat cikin leda, da takardar tela mai kwanan Litinin.

"Mai waƙa da singileti me zai yi da kwat?" in ji ta. "Ranar Litinin ka karɓo ta, kwana uku kafin sata. Tun lokacin ka san ba za a yi labule ba. Buɗe bayan motar."

Kwamfutar na nan, an naɗe ta da bargo kada ta bugu.

Callum ya amsa laifinsa. Sannan ya ce mahaifinsa, tsohon direban bas, ya gaya wa abokansa ɗansa ne ke waƙar da ake ji a rediyo, suka yi ta yi masa dariya, suna tambaya ko dila ya haifa. Ranar Asabar zai zo da su.

"So nake ya nuna ni da yatsa, ko sau ɗaya."

Tamsin ta ƙi shigar da ƙara. Ba tausayi ba ne, dila ba shi da wata murya.

Ranar Asabar aka haska zane, ɗaki ya cika. Callum ya yi waƙa a bayan labule cikin kwat ɗinsa, gumi har ƙafa. A sahun gaba mahaifinsa ya miƙe tsaye, yana nuna wa abokansa dila.