Rigunan Faris Da Aka Ɗinka A Akpakpa

Ranar Talata ce, ruwan sama ya wuni yana zuba a Kwatano, har masu acaɓa suka fake a ƙarƙashin gada. Cikin wannan ruwan wata budurwa ta shigo ofishin Sufeto Ahouansou, takalminta mai tsini a hannu.

Sunanta Clarisse. Tana sayar da rigunan amare ta shafinta na intanet, inda ta rubuta cewa daga Faris ake kawo su. An kwashe mata guda tara.

"Daga ina aka kwashe?" Sufeto ya tambaya.

"Daga sito."

"Siton ba shi da unguwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Akpakpa, ranka ya daɗe. Bayan masu ƙyafe kifi."

Da suka isa, Sufeto ya ga ba sito ba ne. Ɗaki ne da falo, da tsohon keken ɗinki, da wata dattijuwa mai tabarau tana tsintar allurai a ƙasa.

"Wace ce wannan?"

"Mai yi mini guga ce," Clarisse ta faɗa da sauri.

Dattijuwar ta ɗago ta dube ta, ta koma kan alluranta. Sufeto ya kalli goshin wannan, ya kalli na waccan, ya ga iri ɗaya ne sak, ya ji kamar shi ne ya yi ƙaryar. Ya tura Clarisse waje.

"Mama, wa ya zo?"

"Wata mata ce, ɗana, da direbanta. Ta fara bugo waya, ta ce Senami ce ta aiko ta ɗaukar kaya."

"Wace ce Senami?"

"Sunan da na raɗa wa wadda ka tura waje ke nan. Yanzu ba ta amsa shi." Ta nuna saman tebur. "Matar akwai ladabi. Har ƙasa ta durƙusa, ta ajiye mini wancan."

Turmin atamfa ne sabo da kwalbar barasar soɗabi. Sufeto ya juya su a hannu, ya sa a saka a mota.

A waje Clarisse ta rantse babu wanda ya san gidan. Lambar wayar ma tsohuwa ce, ta bar wa tsohuwar tun da daɗewa. Sai Romaric, wanda ya buɗe mata shafin.

Sun tarar da Romaric a shagonsa yana cin tuwon masara da soyayyen kifi. Da jin zargin ya ture kwanon.

"Ni? Yallabai, zo ka gani da idonka." Ya buga sunan shafin a wani wurin bincike. Sai ga sunan Senami Hounkpatin, ga adireshin Akpakpa, ga lambar waya. "Duk mai sunan shafi sai ya ba da bayanansa. In ka biya ɗan abin da bai kai kuɗin kitso ba a shekara, kamfani ya rufe maka su. In ba ka biya ba, wanda ke Chana ma zai gani. Na gaya mata. Madam Faris ta ce wayo nake so in yi mata."

"Rufe mini baki, ɓarawon zaune!" Clarisse ta ce, amma muryarta ta mutu.

"Ana iya sanin wanda ya duba?" Sufeto ya tambaya.

"Ko kusa."

A mota Sufeto ya daɗe yana kallon atamfar. Ɓarawo ba ya kawo gaisuwa. Amma a garin nan babu wanda zai taka gidan surukai karon farko hannu rabbana, ko da faɗa ya kawo shi.

"Aure za ki yi?" ya tambayi Clarisse.

Ta gyaɗa kai. Wani ma'aikacin banki ne, Fortuné. Danginsa sun ɗora wa yayarsa, Madam Pélagie, binciken asalin amarya kamar yadda aka saba.

"Me kika ce musu game da mahaifiyarki?"

"Na ce tana Faransa." Ta rufe fuska da tafin hannu.

Madam Pélagie ta karɓe su a kantin maganinta da fara'a.

"Akpakpa? Sufeto, me zai kai ni can cikin wannan taɓo?"

Sufeto ya ajiye atamfar a kan teburin kantin. "Ga direbanki can yana wanke tayoyi. In kira shi, ko in aika a ɗauko tsohuwar ta gaishe ki?"

Fara'ar ta ɗauke.

"To, ni ce! Ɗana ya duba mini shafin, na ga wani suna daban, na je. Na tarar da tsohuwa tana ɗinki da ido ɗaya, wannan kuwa tana yawo da turaren Faris. So nake in zube rigunan gaban dangi ranar Lahadi, kowa ya gani."

"Suna ina?"

"Shida na sama." "Uku ƙawayena sun gani sun nace. Ɗinkin ya yi kyau, me zan yi?"

"Kin sayar ke nan."

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya buɗe mata ƙofar motar 'yan sanda. Ta ja mayafi ta rufe fuska saboda ma'aikatanta da suka fito. Da za ta shiga ta juyo ga Clarisse.

"Da kin ce mana uwarki tela ce, wallahi da mun zo da ganga."

Sufeto da kansa ya mayar da riguna shidan Akpakpa, Clarisse na biye da shi. Dattijuwar ta karɓa, ta duba kowace a haske, ta rataye. Clarisse ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Mama."

"Madam, akwai sauran guga ne?" tsohuwar ta tambaya, ba ta juyo ba.

Sufeto ya fita ya tsaya cikin ruwa, don can ya fi masa sauƙi.

Abin da aka rasa: riguna uku, amare uku da suka janye, baiko ɗaya. Keken ɗinkin kuma an rufe shi da zane, har yau ba a buɗe ba.