Kabad Ɗin Madaci

Wallahi ko na dafa maka kan uwata ba za ka yarda ba, amma saurara.

Ni ne fa wanda ya sa wa malami kwaɗo a aljihu aka kore ni daga makaranta, Kawu ya ja ni shagonsa na kafinta. A shagon nan babu wanda ban razana ba sai Dogo, mai zarto. Na ce yau ranarsa ce.

Muna haɗa kabad ɗin kicin na wata mata, katakon madaci zalla. Akwai ɓangare ɗaya dogo, tsayin mutum. Da rana Kawu ya shafe cikinsa da man sheƙi, ya ce a bar ƙofar a buɗe ya sha iska. Gab da magariba kowa ya fita, Dogo ya ce zai dawo ya ɗauki wayarsa. Na shige kabad ɗin don in razana shi, na ja ƙofa.

Ta rufe ƙip. Aikin Kawu ne, ko allura ba ta samun hanya.

Duhu. Warin man ya cika min hanci. Rigata ta manne da bango. Na jira Dogo, shiru. Na tura ƙofa da gwiwa, ko motsi.

Sai na ji numfashi a ƙeyata. Bayana katako ne, ni na buga masa ƙusa da hannuna.

"Matsa," aka ce a hankali. "Ka taka min ƙafa."

Muryar tsohuwa ce, a bushe kamar ana goge katako da samfefa.

"Dogo, bana son wasa."

"Kun sare min gida. Nan ma sai ka shigo?"

Wasu yatsu masu sanyi suka hau kafaɗata, taki bayan taki, suna auna ni.

"Ka yi daidai. Zauna."



Iska ta ƙare.

Na doki ƙofa da goshi, na sake, na sake.

Haske ya faɗo min a ido. Kawu ne da kurfin da ya ɓalle ƙofar da shi a hannu, Dogo na bayansa da fitila. Na zube a garin katako ina haki. Tun ranar ko lifta bana shiga.

Kawu bai dube ni ba. Ya leƙa ciki. Shatin bayana ya fito sarai a man, a gefensa kuma wani shatin, ƙarami, mai doro. Ya daɗe yana kallo.

"Jibi mai kaya za ta zo," ya ce. Ya miƙo min samfefa. "Hannu ba ya kaiwa daga waje. Koma ciki ka goge su duka biyun."