Lasifikoki Masu Ƙafa Uku

Ƙarfe huɗu na yammacin Litinin, zafin Janairu, tsakiyar bazarar can, na neman narka kwaltar Adelaide, aka bugo wa Sufeto Kosta Petrakis waya cewa an yi sata a gidan wani likitan haƙori a Stirling.

"Me aka ɗauka?"

"Lasifika biyu, yallaɓai," in ji sajan da ke kan waya.

"Lasifika? Shi ne za a taso sufeto guda a cikin wannan rana?"

"Yallaɓai, an ce kuɗinsu ya ninka na motarka sau uku."

Petrakis ya leƙa ta taga ya dubi motar tasa. Ransa ya sosu, amma ya ɗauki makulli.

Likita Alistair Woo shi ne shugaban wata ƙungiya ta masu sauraron kiɗa. Irin mutanen nan ne da za su sayi waya mai tsadar firji, su zauna su rufe ido, su rantse sun ji mawaƙiya ta haɗiyi yawu. Ya shigar da sufeto wani ɗaki da ya fi falon Petrakis girma, ba komai a ciki sai kayan sauti da kujera ɗaya tak a tsakiya.

"Ba nawa ba ne, shi ne abin da ya fi damuna," in ji Likita. "Na Bronwyn Kealy ne, ita ta ƙera su. Tsawonsu ya kawo mini ƙirji, kowanne kilo saba'in. Ranar Asabar muka gwada su. Al'adarmu, sai a bar su 'yan kwanaki a nan, kowane memba ya zo shi kaɗai ya saurara kafin ya ba da maki."

"Ta ina suke shiga?"

"Makulli na ƙarƙashin tukunyar lemon tsami. Kowa ya sani."

"Madalla da tsaro. Kai kana son su?"

"Ni? Haba. Ina da nawa."

Petrakis ya durƙusa. Ɓarawon ya kashe amfilifaya, na'urar ƙara sauti, kafin ya taɓa komai. Bai fizge wayoyi ba, kwance su ya yi, ya naɗe, ya sa wa bakin kowacce murfinta. A kan daɓen katako kuwa ko ƙwarzane babu. Sai wasu 'yan faya-fayan ƙarfe kamar kwabbai, uku a dama, uku a hagu.

"Waɗannan fa?"

"Lasifika irin wannan a kan ƙusoshi masu tsini take tsayawa, don kada daɓe ya sha sautin. Waɗannan ke kare katako. Kowa ƙafa huɗu yake sawa. Bronwyn ce kaɗai ta nace a kan uku."

Petrakis ya rubuta. Shekara ashirin yana aikin nan, bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka ba.

Washegari da safe ya sami Bronwyn Kealy a garejinta. Mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, sana'arta gyaran sautin fiyano. Idanunta sun kumbura.

"Ranar Juma'a ake baje kolin kayan sauti a Melbourne," ta ce. "Akwai dillalin da zai zo musamman don ya ji su. Shekara biyu na yi a kansu, kuma su ke nan, babu wasu. In ban kai su ba, na koma gyaran fiyanon makarantu har in mutu."

"Wa ke son su?"

"Likita. Sau uku yana tayawa ina ƙi."

"Ya ce mini ba ya so. Wa ya koya miki wannan aiki?"

"Desmond Farrugia. Shekara talatin yana ƙera lasifika. Shekara huɗu da suka wuce na je gyara fiyanon matarsa, kafin ta rasu, na ga yana haɗa wata. Na yi ta tambaya har ya gaji ya ba ni benci a shagonsa."

"Wani abu ya faru ranar Asabar?"

Ta sunkuya tana share ƙurar da babu ita a kan tebur.

"Ba komai. Mun saurara, mun ci kek, kowa ya kama gabansa."

Petrakis bai matsa ba. Ya wuce asibitin Likita, ya jira har aka gama cire wa wani haƙori.

"Ka ce ba ka son su. Sau uku ka taya."

Likita ya yi tsuru-tsuru. "Sau huɗu ma. To, kunya na ji. Ni ne shugaba, na kashe abin da na kashe a kan nawa, sai ga mai gyaran fiyano ta zo da akwatin da ta haɗa a gareji ta mayar da nawa rediyon kicin. Amma jiya tun bakwai hannuna na cikin bakin mutane. Tambayi mutum goma sha ɗaya."

"Zan tambaya. Me ya faru ranar Asabar?"

"Ba ta gaya maka ba?" Likita ya cire safar hannu. "Mu a bayan labule muke gwaji, don kada ido ya ruɗi kunne. Lasifikoki kala uku ne a baya, har da sababbin na Desmond. Da aka kunna na biyu, Des ya miƙe tsaye. Ya ce, 'Ku ji nan! Ku ji yadda garayar ta tsaya a gefen hagu kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Shekara talatin nake bin wannan sauti, yau na kama shi.' Har da ƙwalla. Ya ɗauka nasa ne. Na uku kuwa ya ce sautinsu kamar an toshe wa mutum hanci."

"Aka yaye labule."

"Aka yaye labule. Na biyu na Bronwyn ne. Mai toshewar hancin nasa ne. Wani sakarai a baya ya fashe da dariya. Des ya tafa mata sau biyu, ya ɗauki hularsa, ko kek bai tsaya ci ba."

Gidan Desmond Farrugia na can Port Adelaide, ƙaramin gida da shagon kwano a baya. Dattijo ne kakkaura, hannuwansa duk tabon aiki. Ya buɗe ƙofa yana dafe da ƙugu.

"Sufeto, ni da ko buhun dankali ba na iya ɗagawa? Bayana ya ƙare. Tun Asabar ban taka gidan Likita ba."

"Na ga keken ɗaukar kaya a bayan motarka."

"Kowane kafinta na da shi, abokina."

"Gaskiya ne. An ce kana da ɗakin sauraro. Ni ban taɓa jin irin wannan abu ba."

Ba a taɓa yi wa ɗan ƙungiyar nan wannan roƙo ya ƙi ba. Desmond ya manta da ƙugunsa, ya ja sufeto zuwa ɗaki, ya zaunar da shi a kujerar tsakiya, ya gyara masa kai da hannu biyu kamar wanzami. Ya ɗora faifai. Wata mata ta fara waƙa a tsakanin dogayen akwatuna biyu, a inda babu kowa. Gashin jikin Petrakis ya tashi. Ya tuna 'yar rediyon da ke kan firjinsa, ya ji haushin duk mutanen nan gaba ɗaya.

"Kai! Wannan ai ba magana."

"Ba laifi," in ji Desmond, fuska a murtuke.

Gumi na bin wuyan Petrakis. Ɗakin kamar tanda, amma yana jiyo ƙugin na'urar sanyaya ɗaki daga wata ƙofa da ke rufe a ƙarshen baranda.

"Baƙo ka yi?"

"Ni kaɗai nake."

"Kana gasuwa a nan, kana sanyaya ɗakin da ba kowa?"

Petrakis ya sauka daga kujera ya durƙusa a kan kafet. Lasifikokin Desmond na tsaye a kan ƙusoshi huɗu-huɗu. Taki ɗaya a gabansu kuwa ga sababbin alamun huda a kafet, zaren bai ma tashi ba tukuna. Uku a dama, uku a hagu.

"Desmond, lasifikar wa ke da ƙafa uku a garin nan?"

Dattijon ya daɗe yana kallon hudar. Sai ya je ya ɗage allurar faifan a hankali, ya zauna a ƙasa.

"Da na aza su a kan kafet haka kawai ba ƙusoshi, da ba ka ga komai ba," ya ce. "Na sani. Na ma gwada. Minti biyu na kasa jurewa, sautin ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi. Ba a yi wa irin waɗannan haka."

"Shagonka fa? Can za a fi ɓoye abu."

"A wannan zafi? Gam ya narke, katako ya tsage? Ni ɓarawo ne tun jiya, amma ban zama jahili ba."

Lasifikokin Bronwyn na cikin ɗakin da yake sanyayawa, na marigayiya matarsa, a tsaye, an lulluɓe kowanne da bargo. Petrakis ya kira sajan ya zo da mota, ya kira Bronwyn ta zo ta shaida kayanta. Ta iso cikin rabin awa. Ta yaye bargon, ta shafa katakon, ta zaga baya. Nan ta tsaya cak.

"Ka buɗe su, Des."

"Na buɗe. Na mayar da kowane noti yadda na same shi, za ki kai su Juma'a lafiya." Desmond ya tsaya a bakin ƙofa. "Ba sayarwa zan yi ba, ba fasawa zan yi ba. So nake in ga abin da kika sa a ciki wanda ni ban sani ba. Na ce lallai akwai wani sirri, wani abu da kika sayo daga waje kika ɓoye mini. Na haska fitila. Kayana ne, Bronwyn. Irin waɗanda ke cike da durowata. Har ɗaurin wayar irin nawa ne, yadda na koya miki. Ba abin da zan sata a ciki. Kunne ne kawai, ke kina da shi, ni ba ni da shi."

"Ranar Asabar kai ka fara jin su, kafin kowa."

"Na ji. Ina iya ji, yi ne ba zan iya ba. Shekara talatin! Ke kuwa huɗu, kina yi kina gyaran fiyano. Tun Asabar abinci ba ya wuce mini maƙogwaro. Na tsane ki, kuma na kasa daina sauraronsu."

Bronwyn ta share ido da bayan hannu. "Me ya hana ka tambaye ni? Da na zauna na nuna maka komai."

"Na sani. Da kin nuna mini, da fara'arki, ba ki ɓoye komai ba. Shi ne abin da ba zan iya ɗauka ba."

Ta juya ga Petrakis. "Sufeto, in na ce na yafe fa?"

"Gidan Likita ya shiga, kuma Likita ne ya kawo ƙara. Sai dai ki gaya wa alƙali."

Petrakis bai sa wa Desmond ankwa ba. Ya riƙe masa gwiwar hannu suka fita cikin rana. A bakin ƙofa Bronwyn ta kira sunan dattijon, ta sake kira. Desmond ya shiga bayan mota, ya ja ƙofa da kansa, bai waiwayo ba.