Muryar Cikin Tabarau

"In dai ina numfashi, ba za ki auri mai wasan yara ba!"

A ƙofar zauren makaranta ne tsoho Don Eusebio ya faɗa wa 'yarsa Odalys haka, ko sassauta murya bai yi ba, ga iyaye suna ta shigowa da kwanonin tamale, wani abincin masara mai kama da alale. Odalys ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Baba, don Allah... mutane na ji."

"Su ji mana! Shekara talatin ina kashe gobara a garin nan na Fresno, ban taɓa ceton rai da tabarau ba."

Ta juya ta hango saurayinta Thaddeus can ƙurya yana goge tabaran da tsumma, ɗaya bayan ɗaya, kamar bai ji ba. Ya ji sarai. Wannan haƙurin nasa shi ya fara sace mata zuciya.

Ita ce ma'aikaciyar jinya ta makarantar. Shi kuwa a da a motar asibiti yake aiki, har ranar da ƙaninsa ya cika a hannunsa a gefen titi. Tun daga nan, in ya ga mutum kwance sai hannuwansa su kama rawa. Ya ajiye aikin, amma bai guje shi ba. Ya zauna ya tsara darasi: ɗalibi ya sa wani ƙaton tabarau, sai ya ga mutum a sume a gabansa tamkar gaske, da koren da'ira a ƙirjinsa, wata murya tana ƙirga masa dannawa. Muryar Thaddeus ce. Yau za a nuna wa iyaye abin da yaransu suka koya.

Labarin rawar hannun kuwa, Brantley mai horar da 'yan ƙwallo ne ya kai wa tsohon, har da ƙarin gishiri. Ya daɗe yana son Odalys, ita ko kallo bai ishe ta ba. Ga shi yanzu ya matso yana washe baki.

"Don Eusebio, ga kujera. Zo mu ga likitan da ke tsoron jini."

Tsohon ya yi dariya, ya miƙa hannu zai ja kujerar.

Bai kai ga kujerar ba. Ya dafe ƙirji, ya zube.

"Baba!"

Ta durƙusa ta taɓa shi. Ba numfashi. Ta haɗa tafukanta ta fara danna masa ƙirji, hawaye na ɗiga a rigarsa. Iyaye suka yi cirko-cirko, wasu ma wayoyi suka ɗaga, abin takaici.

"Ke mai jar riga, kira motar asibiti! Brantley! Na'urar farfaɗo da zuciya tana bakin ofis, a guje!"

Thaddeus ne. Brantley bai san lokacin da ƙafarsa ta bi umarnin ba.

Minti biyu, uku, hannuwan Odalys suka mutu murus.

"Wa zai karɓe ni? Don Allah wani ya karɓe ni!"

Manya suka ja da baya. Ɗalibai huɗu ne suka zube gwiwa a layi, yadda aka koya musu. Ta farko, Ximena, ta ɗora hannu... sai ta daskare, tana raba ido a kan ƙirjin tsohon.

"Malam, babu koren da'irar! Ba ta fito ba!"

Baiwar Allah, jira take alamar ta haska kamar a cikin tabarau.

Thaddeus ya durƙusa kusa da ita. Odalys na ganin yadda hannuwansa ke kaɗawa, ya matse su a cinya. Amma muryarsa ko gezau.

"Hannunki na daidai, Ximena. Rufe idonki. Ni kawai za ki ji. Ɗaya, biyu, uku, huɗu..."

Muryar da yarinyar ta ji sau ɗari a kunnenta ce. Hannuwanta suka kama aiki da kansu. Wani abu ya yi ƙas a ƙirjin, ta yi ƙara.

"Haƙarƙari ne, zai warke. Kada ki tsaya! Sha bakwai, sha takwas... Lucian, shirya, kai ne na gaba."

Haka suka yi ta karɓeɓeniya har Brantley ya iso yana haki. Da hannun nan mai rawa Thaddeus ya yage rigar tsohon ya manna na'urar, sau biyu tana suɓuce masa.

"Kowa ya janye!"

Jikin ya zabura. Shiru. Sai wani dogon numfashi mai gurnani.

Odalys ta kifa kai a kafaɗar Thaddeus ta fashe da kuka.

"Masoyina... ka dawo min da shi."

"Yaran ne, zuciyata. Ni ƙirga kawai na yi."

Kwana uku bayan nan, a asibiti, Don Eusebio ya sa aka kira Odalys da Thaddeus. Ya rame, amma bakin nan na nan yadda yake.

"Wane mugu ne ya karya min haƙarƙari biyu?"

"Wata 'yar shekara sha huɗu ce, Baba."

"Wa ya koya mata?"

Odalys ta juya ta dubi masoyinta. Tsohon ya daɗe yana kallon Thaddeus.

"Matso nan. Ba ni hannunka."

Thaddeus ya miƙa, yana rawa kamar kullum. Tsohon ya riƙe shi gam.

"Nawa ma sun yi haka, bayan wata gobara. Shekara biyu ina ɓoyewa a aljihu, ban koya wa kowa komai ba." Ya ƙara damƙe hannun. "Na ce in dai ina numfashi ba za ka aure ta ba, ko? To wancan numfashin ya ƙare a zauren makaranta. Wannan da nake ja, naka ne."

Ya jawo hannun Odalys ya ɗora a kan na Thaddeus.

"Riƙe masa, 'yata. Kuma ku kawo min tabaran nan in gwada, kafin wata jaririya ta sake raina ni."