'Yar Da Ta Ƙi Juyawa

"Mene ne wannan?"

Na ɗaga takardar sama. A aljihun farar rigar aikin mijina na tsince ta, ina shirin jiƙa rigar a bokiti.

Mijina ya fito daga banɗaki da tawul a wuya. Kallo ɗaya ya yi wa takardar.

"Zauna tukuna, 'yar rigimata..."

"Ba zan zauna ba! Sunana ne a nan ko na wata ne?"

"Naki ne."

"Ranar tiyata, nan da sati uku, ƙarfe takwas na safe. Wa ya tambaye ni?"

"Anti ce ta kama mana layi kawai. Ai sai kin sa hannu tukuna."

Anti ita ce yayarsa, nas ce a asibitin da nake zuwa awo. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan take cewa ƙanenta ya auro taurin kai. Ban taɓa musa mata ba, don wallahi ina da shi.

Kwana huɗu kafin wannan rana muka je awo, cikina yana sati talatin da shida. Likitar mata ta shafa min wannan man mai sanyi, ta daɗe tana kallon allon hoto, sannan ta ce, "A zaune take. Kai yana sama, nan ƙarƙashin haƙarƙarinki, ɗuwawu a ƙasa."

Sai ta ja kujera ta yi mana bayani dalla-dalla. Hanya uku ce. Ko dai a gwada juya ta da hannu ta waje, a nan asibiti, ana sauraron bugun zuciyarta, ɗakin tiyata kuma yana kusa. Ko a sa rana a yi aiki a ciro ta. Ko kuma, in komai ya dace, a bar ni in haife ta a yadda take, amma wannan sai da ƙwararrun hannu, kuma ya fi sauran haɗari ga jaririya.

"Juyawar tana yiwuwa?" na tambaya.

"Kusan rabi-da-rabi ne. In cikin fari ne ma ya ɗan fi wuya. Ba kasafai ake samun matsala ba, in kuma an samu, nan take za mu shiga da ke."

Ban rufe baki ba mijina ya karɓe zancen. Likitan dabbobi ne, shekara goma sha ɗaya yana aikin. Ya shiga jero tambayoyi, ina mabiyiya take, yaya ruwan yake, ina igiyar cibiya ta bi. Shi da likita suka yi ta magana a kaina ina kwance da ciki a buɗe. A ƙarshe ya miƙe ya ce, "To, a yi aiki kawai, shi ya fi." Ko inda nake bai kalla ba.

A mota na gaya masa ina so a gwada juyawar. Ya ce za mu yi magana. Ashe maganar ke nan na tsinta a aljihu.

"Ki saurare ni," ya ce yana matsowa. "Na sa hannu na gyara kwanciyar 'yan maruƙa sun fi ɗari. Na san abin da ke faruwa idan igiya ta..."

"Au! Saniya ce ni?"

"Subhanallahi, ba haka nake nufi ba!"

"Haka kake nufi! Kai tunda kake aiki, akwai mara lafiyar da ya taɓa ce maka a'a? Da mai dabba kake magana, ku gama shawara, a ɗaure ta a yi. Ranar nan a asibiti kai ne mai dabba, ni ce a ɗaure!"

Fuskarsa ta canza.

"Cikina na fari ne, Likita. Idan aka yanka ni yau, duk haihuwar da zan yi a gaba sai an yi ta duba wannan ɗinkin. Ban ce ba za a taɓa yi min aiki ba. Cewa na yi a gwada tukuna!"

"Ban yarda ba."

"To, ni ma ban yarda ba."

Na haɗa kaya kala biyar a jaka, na ɗauki katin awona. Har bakin ƙofa ya biyo ni yana cewa "Zuciyata, don Allah..." Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan ajiye jakar.

Na ɗauka a gidanmu zan huta. Ina! Mama tana jin labari ta tafa hannu.

"Wuƙa? A jikin 'yata? Allah ya kiyaye! Akwai wata tsohuwa a bayan layinmu, mai ɗan man shafawa take murza ciki, kafin ki ce me yaro ya juya. Gobe zan aika ta zo."

"Mama, ba mai taɓa min ciki a tsakar gida."

"Ke ma fa ita ta gyara ki!"

"Allah ya saka mata. Amma in zuciyar jaririyar ta tsaya tana cikin murzawa, da me za ta ji? A ina za ta ciro ta?"

Mama ta riƙe haɓa tana kallona. "Kin ƙi ta miji, kin ƙi ta uwa. To ta wa za ki bi, 'yar nan?"

"Tawa, Mama. Sau ɗaya dai."

Kwana shida na yi a ɗakina na 'yanmatanci, kan 'yar nan yana tokare min numfashi. Kullum bayan la'asar sai in ji tsayuwar motarsa. Ya gaida Mama, ya ajiye ledar 'ya'yan itace, ya zauna a kan benci daidai tagata. A wannan bencin ya fara zama shekara uku da suka wuce, lokacin da akuyar Mama ta kumbura aka kira shi. Akuya ta warke a kwana biyu, amma wannan bawan Allah sai da ya yi sati uku yana zuwa duba ta.

Ina leƙensa ta labule. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ina kewarsa kamar in yi ihu, kuma haushinsa yana nan bai ragu ba ko kaɗan. Saƙonsa ya shigo wayata: "Kin sha maganin ƙarin jini?" Na yi tsaki na kife wayar. Tambaya ɗaya nake jira, ya ce me nake so, amma ya kasa.

Ranar Litinin da safe na yi wanka, ban karya ba, don haka likita ta ce in zo juyawar, na tari tasi ni kaɗai. Mama ta ce ba za ta iya kallo ba.

A barandar sashen haihuwa Anti ta tare ni, ta riƙe ƙugu.

"Ina zuwa haka?"

"Ina kwana, Anti. Wurin likita."

"Ai an ɗage naki. Layi ya cika yau, ki koma gida."

"Jiya da yamma na kira ta, ta ce ƙarfe tara."

Ta murtuke fuska. "Ke wai me kike ji da shi ne? Ƙanena likita, ni nas, mun ce ga abin da ya dace. Jinin gidanmu ne a cikin nan, ba naki ke kaɗai ba!"

"Na sani, Anti. Amma a jikina take zaune. Ki ba ni hanya."

"Ki ba ta hanya, Anti."

Muryar mijina ce. Yana zaune a ƙarshen baranda da takalman robansa na aiki, har da ciyawa a jiki. Anti ta yi ƙwafa ta wuce tana cewa mu ƙarata.

Na zo zan wuce shi, ya riƙe gefen mayafina.

"In hana ni ka zo yi, ka makara."

"Ba hana ki na zo yi ba. Minti biyu, 'yar rigimata."

Na zauna, amma na bar tazara a tsakaninmu.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Ranar da aka ce a zaune take, da asubar ranar na rasa wata saniya da ɗanta. Ta baya ya taho. Awa biyu ina fama, suka mutu hannuna yana ciki. Na wanke hannu na taho na ɗauke ki zuwa awo. Da likita ta ce juyawa, wallahi ban ƙara jin komai ba."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Ban saba ba. A wurin aikina in na rasa ɗaya, mai ita zai yi baƙin ciki, wata shekara ya samu wata." Muryarsa ta karye. "Ni fa? A ina zan samo wata ke?"

Hawaye suka cika min ido, amma na dake. "Tsoro kake ji, ni ma tsoro nake ji. Sai ka je ka yanke hukunci da Anti?"

"Na yi laifi. Jiya na je na soke ranar." Ya ɗago ya dube ni sosai. "Me kike so a yi?"

Kwana goma nake jiran wannan tambayar. Da ta zo, sai na miƙa masa jakata kawai.

"Riƙe min. Mu shiga."

Aka kwantar da ni, aka ɗaura min bel ɗin na'urar sauraro a ciki, bugun zuciyar 'yata ya cika ɗakin, dum-dum-dum. Aka yi min allurar da ke sassauta mahaifa, tawa zuciyar ta kama gudu, hannuwana suka ɗauki rawa. Likita ta ce haka allurar take yi, zai wuce.

"In kin ce in tsaya, zan tsaya," ta ce.

Ta sa hannu ɗaya a ƙasan marata ta ɗago ɗuwawun, ɗayan a kan kai, ta fara turawa a hankali. Wayyo Allah! Ba zafin yanka ba ne, wani irin matsi ne kamar ana murɗa wanki a cikina. Na damƙe hannun mijina. Ina ganin yatsun ɗayan hannunsa suna motsi su kaɗai, suna bin na likita. Da ya lura, sai ya cusa hannun a aljihu.

"Ta fara tafiya... ta kai rabi... numfasa, 'yar'uwa..."

Sai na ji sulub, ta koma inda take.

"Mu sake?"

"A sake!"

Aka sake ta ɗaya ɓangaren. Zufa ta jiƙa min wuya. Sai sautin nan ya fara ja baya. Dum... dum... dum...

Likita ta ɗauke hannunta nan take, ta juya ni gefen hagu. Kowa ya zuba wa na'urar ido. Mijina ya sunkuyo ya haɗa goshinsa da nawa, leɓɓansa suna motsi da addu'a. Ban san tsawon lokacin ba, sun ce bai kai minti biyu ba.

Dum-dum-dum-dum.

"Ta dawo," in ji likita. "Lafiyarta ƙalau. Amma ba zan ƙara ba, wannan yarinya ta ce a zaune take so."

Na fashe da kuka. Na sha wahala, na bar gidana, na ɓata da kowa, ga shi ta ƙi. Na rufe ido ina jiran ya ce ai na gaya miki. Sai na ji yana share min hawaye da bakin rigarsa.

"Kin yi ƙoƙari, zuciyata. Ban taɓa ganin jaruma irinki ba."

Bayan awa guda ana sauraron bugun, likita ta dawo ta tsaya a gefen gado. "Saura hanya biyu, aiki ko haihuwa a zaune. Ƙafarta ɗaya ta sauko ƙasa, don haka ni aiki zan ba da shawara." Ta juya wajen mijina. "Yallaɓai, me ka gani?"

Ya girgiza kai. "Ga mai cikin nan, likita."

Na share fuska. Na yi tambayoyina ɗaya bayan ɗaya, kwana nawa zan yi a kwance, yaushe zan iya ɗaukar ta, ko zan iya haihuwa da kaina a gaba. Ta ce da yawa suna yi. Babu wanda ya katse ni.

"A yi aikin," na ce. "Amma idona biyu, kuma yana kusa da ni."

A mota ya kunna inji, bai ja ba. "Ina za mu? Gidan Mama ko..."

"Ka cika surutu, Likita. Kai ni gidana."

Sati biyu bayan nan, da hantsi, aka shiga da ni. Suka kashe min rabin jiki, suka kafa kyalle a ƙirjina don kada in gani. Anti ce ta ɗaura masa hular tiyata da kanta, ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya raba lafiya, ba ta ƙara komai ba. Ya zauna daidai kaina, mutumin da ya saba hannunsa ne a cikin aiki, yau ba shi da abin yi sai riƙe yatsuna.

Na ji ana ja, ana turawa. Sai kuka, mai ƙarfi, mai cike da masifa.

"Me ka gani? Gaya min mana!"

Ya leƙa. Hawaye kawai ke gangarowa cikin takunkumin fuskarsa.

Aka goge ta aka naɗe, wata nas ta nufo shi da ita. "Baban jaririya, karɓi."

Ya mayar da hannuwansa baya.

"Ku fara ba uwarta," ya ce. "Ita ta tsaya mata."

Suka ɗora min ita a ƙirji, da ɗuminta, da ɗan kanta mai tauri da ya yi wata guda yana tokare min haƙarƙari. Ta yi shiru tana jin numfashina. Na ɗago ido na dubi mijina, yana tsaye, bai matso ba.

"Zo mana, masoyina," na ce. "Kawo hannunka."